Igiyar Rijiyar Gaude

Ranar da aka auna burtalin Tudun Gaude, Ja'afaru ne ya riƙe bakin igiya, kuma duk wanda ya dubi fuskarsa zai zaci sallah ake yi.

Shekara biyu cur yana bin wannan magana. Burtalin shi ne hanyar da shanun ƙauyen suke bi daga makiyaya zuwa bakin dam. Lokacin da Ja'afaru yake yaro, garke biyu kan haɗu a cikinsa su wuce juna ƙaho bai taɓa ƙaho ba. To amma kowace damina sai masu gonakin kudu su ƙara kunya ɗaya, baɗi su ƙara biyu, har aka wayi gari akwai inda shanu uku ba sa iya jerawa. Bara shanun Bappa Sajo, dattijon makiyayan garin, suka faɗa wata gonar masara, aka zare sanduna, aka fasa wa mutum biyu kai. Daga nan makiyaya suka koma bin titin Gwarzo, kafin kaka kuwa wata babbar mota ta take karsana uku a rana ɗaya.

Ja'afaru mutum ne da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya. A aji biyu na sakandare ya bar makaranta. Ya yi acaɓa a Kabo, ya yi tallan fatun waya a Kano, ya buga bulo a Getso, duk babu wanda ya shekara yana yi. Maganar burtalin nan ce kaɗai ya kama bai saki ba. Shi ya tara samari suka kafa ƙungiya, suka ba shi shugabanci, abokinsa Sagiru tela ya zama sakatare saboda ya fi su kyan rubutu. Sun kai takarda ofis-ofis har takalmin Ja'afaru ya tsinke, a ƙarshe aka ce musu ƙaramin burtali irin wannan ba shi da taswira, su koma gida su daidaita da dattawansu.

Aka yi taro a ƙofar gidan Mai unguwa Jibirin. A nan ne Bappa Sajo ya faɗi abin da ya ji daga iyayensa. Ya ce mutanen da suka sari garin ba su da tef, da igiyar gugan Rijiyar Gaude suka auna. A kama bakinta a jikin shingen aguwa na arewa, wanda har yau yana nan, a miƙa ta kudu sau ɗaya. Inda ta ƙare, nan burtali ya ƙare.

Kowa ya yarda. Alhaji Hambali, mai sayen hatsi, wanda gonarsa ta fi ta kowa cin burtalin, shi ma bai yi musu ba, sai dai ya roƙi abu ɗaya.

“A bar mu mu cire amfanin bana. Dawa ta kai gwiwa, jama'a. A jira kaka.”

Ja'afaru ya miƙe tun Alhaji bai rufe baki ba. “Alhaji, da girmanka. Bara ma kaka aka ce a jira. Shanu ba sa jiran kaka kafin su ji ƙishirwa. Duk abin da igiya ta hau, a cire shi a satin nan, ko na waye.”

“Ko na waye?”

“Ko na waye, Alhaji.”

Samari suka yi tafi. Mai unguwa ya ce an rubuta.

Ran Talata da hantsi aka je rijiya aka kwance igiya daga jikin guga, aka shiga awo. Gona uku igiyar ta hau, aka bi su ana kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar shuka. Da aka zo gonar su Ja'afaru, wadda mahaifinsa marigayi Malam Hadi ya bar musu, sai igiyar ta ƙare daidai kan kunyar farko, ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba.

Sagiru ya ɗaga hannu sama. “Kun gani ko? Ciyaman tun daga gida aka wanko shi. Wallahi ko ni da nake tela ban iya yanka daidai haka ba.”

Aka yi dariya. Ja'afaru ya ji wani sanyi a ransa, domin ya san da an same shi a ciki, da bakin Alhaji Hambali bai sake rufuwa ba. Ya lura Bappa Sajo ya ɗauki igiyar yana jujjuya ta a hannu, ya dubi gonar, ya dubi Ja'afaru, sannan ya ajiye ya ce rana ta yi, zai je ya duba maruƙa. Ja'afaru bai kawo komai a ransa ba. Aka tsayar da Asabar, za a yi gayya a share duk abin da yake cikin turaku.

Da la'asar ya shiga gida da igiyar a kafaɗa, ya jefa ta kan turmi. Mahaifiyarsa, Inna Hajaratu, tana zaune tana wanke ƙwaryar nono. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ko magana za ta yi masa sai ta dubi wani wuri. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana ba ƙannensa labarin yadda aka yi, da ƙarfi, don ta ji.

Ta tashi za ta naɗe igiyar a mayar wa masu ɗiban ruwa. Tana naɗewa tana buɗe hannuwa, gaba bayan gaba, yadda ta saba tun tana amarya. Da ta kai ƙarshe sai ta tsaya. Ta warware, ta sake naɗewa a hankali.

“Wannan,” ta ce, idonta a kan igiyar. “Da ita kuka yi awon?”

“Da ita, Inna. Ta Rijiyar Gaude ce.”

“Goma sha huɗu ce.”

“Me?”

“Gaba goma sha huɗu. Da aka kawo ni garin nan, goma sha takwas muke ja. Hannuna har ɗurar ruwa ya yi a watan farko.” Ta rataye igiyar a jikin danga. “Shekarar da aka yaye ka aka tare rafi aka yi dam. Ruwa ya taso a rijiya. Duk igiyar da ta tsinke, wadda za a sayo sai a rage, tunda ba a bukatar tsawon. Wa zai sayi igiyar da zai riƙa takawa?”

Ja'afaru ya dubi igiyar. Ba sai ya je gona ba, a zaune ya yi awon a kansa. Gaba huɗu daga inda igiya ta ƙare ɗazu, kunya tara ke nan, tun daga kan gonar har gindinta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke ci a shekara.

“Inna, to ai gonarmu…”

“Shekarar da ciwo ya kashe mana shanu, babanku ya tumɓuke shingen aguwa na kudancin burtali ya ƙara huɗa. Ku biyar ne a lokacin, rumbu babu komai. Ya ce in Allah ya kawo sauƙi zai mayar. Sauƙin bai zo ba har ya tafi.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba tun tuni?”

“An tambaye ni?” Ta koma kan ƙwaryarta. “Kun yi taro kun yi taro a kan igiyar guga, ko mace ɗaya ba ku kira ba. Ku ne kuke jan ruwan?”

Ja'afaru ya ce, “To yanzu me kike so in yi?”

“Ban ce ka faɗa ba, ban ce ka yi shiru ba. Dawar da za a cire, cikina za ta shiga, ban manta ba. Ni dai kada wata rana ka ce ba ka sani ba.”

Washegari da safe ya nufi shagon Sagiru. Ya same shi yana taka keke, bakinsa cike da allurai. Ya jira wani mai karɓar ɗinki ya fita, sannan ya kwashe komai ya gaya masa.

Sagiru ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya ya soke su a jikin katifar allura. “Wa ya sani bayan kai da Inna?”

“Ban sani ba. Wataƙila Bappa Sajo.”

“To ai shi ke nan. Bappa bai yi magana ba, Inna ba ta zuwa taro. Ja bakinka.”

“Sagiru, ni na ce ko na waye.”

“Kai ka ce, kuma igiya ta wanke ka a gaban kowa. Ka ƙirƙiri igiyar ne? Daga jikin guga aka kwance ta.” Ya jawo kujera kusa. “Ka saurare ni, Ciyaman. Ba gonarka kaɗai ba ce. In ka ƙara gaba huɗu, gona shida za su shigo. Biyu na 'yan ƙungiya ne. Ɗaya ta baban matata ce, in ba ka manta ba. Mutanen nan sun biyo mu ne saboda suna ganin Alhaji za a taɓa. Ranar da suka ga su ma za a taɓa su, kai da ni za mu rage, ni ɗin ma sai na yi shawara.”

“Sha huɗu ba za ta ishi garke biyu ba.”

“Za ta ishi ɗaya. Jiya ko ɗayan babu. Kai matsalarka ke nan tun muna yara, ba ka iya karɓar rabi ka gode wa Allah. Acaɓa ma haka ka bar shi, wai mai babur ya yi maka ƙarya sau ɗaya.”

“Sau uku.”

“To sau uku. Yanzu ina babur ɗin?”

Ja'afaru ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya fita. Abin da ya fi damunsa shi ne maganar Sagiru ba ta banza ba ce. Shekara biyu ya yi yana haɗa mutanen nan kamar mai tara tsintsiya ɗaya-ɗaya. Ya bi ta gonarsu ya tsaya. Dawar ta yi baƙi ƙirin don kyau, musamman kunyoyin nan tara na bakin burtali, inda kashin shanu na shekara da shekaru ya kwanta a ƙasa. Kullum yana alfahari da wannan ɓangaren, bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ya fi sauran kyau ba.

Ran Alhamis ya sami Bappa Sajo a bakin dam yana shayar da shanu. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi, ya tambayi ƙafar da take damun tsohon. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ya ce, “Bappa, igiyar nan gajeriya ce, ko?”

Tsohon ya dubi ruwa. “Hajaratu ce ta gaya maka.”

“Ita ce.”

“Tun da na ɗauke ta na ji ba ta da nauyin ta dā. Ban tuna da maganar dam ba sai da muka zo gonarku.”

“Kuma ka yi shiru, Bappa. Shanunka ne fa suke bin titi.”

“Ɗan Hadi, ni da ubanka tare muka yi kiwo. Ranar da ya cire shingen nan ina tsaye, ya kasa kallona, ni ma na kasa kallonsa. Yau kuma ɗansa ya tsaya a rana saboda shanuna, sai in buɗe baki a gaban jama'a in ce ubanka ma ya ci? Bakina ba zai iya ba. Gara in bi titi.”

“In ni na faɗa fa?”

“In kai ka faɗa, aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba.”

Ja'afaru ya koma gida a ƙafa, ta doguwar hanya. Yana tafe yana tunanin cewa ashe garin nan cike yake da mutanen da suka san tsawon igiyar. Wasu sun yi shiru saboda gonakinsu, wasu saboda kara, mata kuma saboda ba a tambaye su ba. Shi kaɗai ne ya yi ta ɗaga murya, kuma shi ne bai san komai ba. Ya tuna fuskar Alhaji Hambali lokacin da yake cewa dawa ta kai gwiwa. A ranar ya ɗauka wayo ne kawai irin na mai kuɗi. Yanzu da ya tsaya a kan tasa dawar, ya gane ko mai kuɗi ne, cire shukar da ta kai gwiwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ran Juma'a da dare aka yi ruwa mai yawa. Asabar da safe mutane suka taru a bakin gonar Alhaji da fartanya da adda. Alhaji yana tsaye gefe da 'ya'yansa, fuska a murtuke. Mai unguwa ya yi addu'a, ya ce bismilla.

“A dakata,” in ji Ja'afaru.

Sagiru ya rufe ido ya girgiza kai.

“Ranka ya daɗe, awon da muka yi ran Talata ba daidai ba ne. Igiyar dā gaba goma sha takwas ce. Wannan sha huɗu ce, an rage ta bayan dam. Ni ma ban sani ba sai bayan awo. In aka auna da ta gaskiya, gonarmu tana ciki da kunya tara.”

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Surukin Sagiru ya ce an riga an rubuta, ba a canza rubutu. Wani ɗan ƙungiya ya ce Alhaji ne ya saye shi don a wargaza aikin. Alhaji kuwa, da ya lissafa cewa shi ma gaba huɗu za su ƙaru a kansa, ya ce, “Ni na saye shi? Da kuɗina zan sayi wanda zai ƙara min asara? Yaron nan dai ba shi da lafiya.”

Mai unguwa ya ɗaga sanda. Ya juya ga Bappa Sajo. Tsohon ya dubi ƙasa ya ce, “Gaskiya ya faɗa.”

“Bappa mai shanu ne, dole ya so faɗi,” in ji surukin Sagiru.

“To a tambayi waɗanda suka ja igiyar,” Ja'afaru ya ce. “Ban da mahaifiyata. A shiga gida uku daban-daban, a tambayi tsofaffin mata, kada a gaya musu dalili.”

Mai unguwa da liman suka tafi da kansu. Jama'a suka zauna a gindin ɗorawa, babu mai yi wa Ja'afaru magana. Kusan awa guda suka yi kafin su dawo. Liman ne ya yi bayani, yana ƙoƙarin danne dariya.

“Duka ukun sha takwas suka ce. Ta ukun har ta tambaye mu, wai duk mazan garin nan babu wanda ya taɓa jan ruwa ne?”

Ta ukun kuwa mahaifiyar surukin Sagiru ce. Surukin ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Mutum bakwai suka bi shi, huɗu daga ciki 'yan ƙungiya.

Aka ɗaura wa igiyar ƙarin gaba huɗu. Ja'afaru ya ce a fara da gonarsu. Da aka kafa turaku, ya juya wajen Alhaji Hambali.

“Alhaji, ranar taro ka ce a jira kaka, na yi maka rashin kunya. Ba zan ce a jira ba, don ni na hana. Amma jiya an yi ruwa, ƙasa ta jiƙa. Kada a sare dawar. A tumɓuke ta da saiwa, a yanke kan ganyen, a yi dashe duk inda shuka ta yi giɓi. Naka da namu da na kowa.”

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. “Sai da ta zo kanka ka tuna da dashe.”

“Haka ne, Alhaji.”

Da alama Alhaji ya shirya jin gardama ne, bai kuwa samu ba. Ya gyara hula, ya ce wa 'ya'yansa su je su kawo amalanke.

Ja'afaru ya sunkuya ya kama tushen farko. Ƙasar ta yi laushi, dawar ta fito da saiwarta fara tas, ba ta yi gardama ba ko kaɗan, abin da ya fi komai yi masa ciwo. Yana cikin kunya ta biyu ya ji mutum a gefensa. Sagiru ne, ya naɗe ƙafar wando.

“Kada ka yi min magana,” Sagiru ya ce. “Yau ba ni da tuwo a gida saboda kai.”

Kwana uku aka yi ana aikin. Gona biyu masu su suka hana a shiga, aka bar turakun a tsaye a cikin shuka, magana ta koma wajen dagaci, kuma har kaka ba a gama ta ba. A wuraren nan biyu burtalin ya tsuke kamar wuyan tulu, sai makiyaya sun tsaya sun raba garke kafin su wuce. Dashen ma rabi ne ya kama. Ƙungiyar da take tara mutum talatin ta koma sha ɗaya, kuma a zaman farko bayan gayyar wani ya kawo shawarar a sake zaɓe. Ja'afaru bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa a rubuta kafin a tashi, cewa duk maganar da ta shafi ruwa ko hanya, sai an aika an ji ta bakin mata. Sagiru ya rubuta, yana cewa saura kuma a ba su kujerar ciyaman ɗin gaba ɗaya kowa ya huta.

Ranar da shanu suka fara bi, Ja'afaru yana gona yana maimai a abin da ya rage. Ya ji ƙarar kofato, ya ɗago. Garken Bappa Sajo ne a gaba, na wasu a baya, suna tafe a kan inda kunyoyinsa tara suke, suna tattake huɗar tana komawa hanya. Tsohon ya ɗaga masa sanda daga nesa, bai tsaya ba.

Inna Hajaratu ta kawo masa fura da rana. Ta ajiye ƙwaryar a gindin turke mai jan fenti, ta tsaya tana kallon sawun shanun a cikin laka.

“Bana sai an haɗa da rogo kafin a kai baɗi,” ta ce, ba ta dube shi ba.

“Na sani, Inna.”

Ta sunkuya ta gyara turken da wata saniya ta karkatar, ta danna ƙasa a gindinsa da diddige har ya tsaya sosai.

“In an yanko aguwa, a fara dasawa daga nan,” ta ce. “Nan babanku ya fara cirewa.”